Hoton Inna da Ba a Wanke Ba

Tun ranar da Inna ta rasu nake ɗauke da fargaba guda. Hotonta ɗaya tak a duniya yana cikin kwamfutar maigidana, kuma ba a wanke shi ba. Ni a wurina hoton da bai hau takarda ba bai gama zama hoto ba. Abin da sai an kawo wuta kake ganinsa, in an ɗauke ya tafi, ta yaya za ka ce naka ne?

Inna ita ce mahaifiyata. A Miga ta yi rayuwarta, kuma ba ta yarda a ɗauke ta hoto. In mai hoto ya shigo gidan biki sai ta ja mayafi ta juya baya har ya fita. Wannan ɗin ma ba da saninta aka ɗauka ba. Ranar sunan 'yata ta fari ce, a gidan da muke haya a Limawa, cikin Dutse, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a. Maigidan ya aro kyamara irin wadda ba a sa mata fim, ya ba ƙanwarsa ta shiga cikin mata tana ɗauka. Ƙawayena ta nufa, sai Inna ta faɗo daga gefe, tana zaune a tabarma da jaririyar a cinyarta, tana yi wa wata da ba ta cikin hoton dariya. Kafin yarinyar ta fara rarrafe Inna ta kwanta ciwo, aka kai ta asibitin Jahun, can Allah ya karɓi abarsa.

Maigidana mai buga takardu ne a sakatariya. Kwamfutar ta gwanjo ce, ya saye ta don ya riƙa buga wa ɗalibai da masu neman aiki takardu da yamma. A ɗakinsa take, lulluɓe da wani tsohon zanena. Ni ban iya kunna ta ba, ban kuma taɓa gwadawa ba. In kewa ta dame ni sai in jira ya dawo, in ga an kawo wuta, in ga kuma ransa a sake yake, sannan in ce ya nuna mini Inna. Ya nuna, in kalla, ya kashe.

Kusan kullum sai na ce, "Malam, a wanke mini hoton nan."

Wani lokaci ya ce, "Za a wanke." Wani lokaci kuma ya ce, "Kin dai ji abin da malamai ke faɗa a kan hoto a gida."

"Ai ba a bango zan kafa shi ba. Ƙasan akwati zan sa."

"To, za a wanke."

Wata safiyar Asabar yana shan koko ya ce mini, "Yau ɗan gidan Kawu zai zo, za a yi wankin nan."

Ban tambaye shi wankin me ba. Wanki ɗaya ne a raina. Na tashi da ƙarfina, na share gida, na ɗora garau-garau, har da ƙwai na dafa, abin da ba na yi sai da dalili.

Ɗan gidan Kawu taubashin maigidan ne, abokin wasansa, ya yi kwas ɗin kwamfuta. Shi ɗan gida ne, har ciki yake shigowa, kuma "matarmu" yake ce mini. Ya zo da hantsi da wata jaka cike da faya-fayai, suka shige ɗaki. Da azahar ta kusa na kai musu abinci, yarinyar a bayana. Allon kwamfutar ya zama shuɗi, wani layi yana jan jiki a ƙasa kamar tana. Na duba teburin, na duba ƙarƙashinsa, ban ga takarda ba.

Na ce, "Ta ina zai fito?"

Ɗan gidan Kawu ya ce, "Wa?"

"Hoton. Ba yau za a wanke ba?"

Ya fara dariya, ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Ya dubi maigidan ya ce, "Kai, tsoho, me ka gaya wa matarmu?"

A nan na san su ma masu kwamfuta suna da nasu wankin. In suka ce za su wanke ta, to share duk abin da ke cikinta za su yi, su zuba mata sabon tsarin da zai tafiyar da ita, saboda tsohon ya kamu da cuta, tana nauyi. Wankin da na sani yana fito da hoto. Nasu shafe shi yake yi. Tiren abincin na hannuna ban san lokacin da na dire shi ba.

Na ce, "Inna fa?"

"Kwantar da hankalinki, matarmu. Ɗaki biyu gare ta a ciki. Ɗaya na share, ɗayan ko tsintsiya ban kai ba. In dai hotunan suna na biyun, suna nan."

"In dai?"

Muka dubi maigidan mu biyu. Shi kuma ya dubi kwanon garau-garau. Can ya ce yana jin a na biyun ya sa su. Yana ji.

Ban koma tsakar gida ba. Na zauna a bakin ƙofa na kwance goyo, ina jira layin nan ya gama tafiyarsa. Da ya gama, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, ta fito da wani ɗan akwati da sunan maigidan a sama, da gurbin da ake buga kalmar sirri. Ya buga. Allon ya yi ƙifce, ya yi baƙi ƙirin, ya yi wani layi-layi, sai ga ɗan akwatin nan ya dawo yana neman kalmar sirri kamar ba a taɓa ba shi ba.

Ɗan gidan Kawu ya ce, "Tsufa dai. Kalmar da ka zaɓa ɗazu har ka manta?"

"Kai ka zaɓa mini ita. Zo ka buga, gwani."

Ya buga. Ƙifce, baƙi, ɗan akwati. Suka yi ta yi, wannan ya tashi wancan ya zauna. Ni abin da ya yi mini kama da shi, mutum ya yi sallama a ƙofar gida, a amsa masa, ya ɗaga ƙafa zai shiga, a turo ƙyaure. Kuma uwata tana cikin gidan, ko ba ta ciki, ba wanda zai iya gaya mini.

Ɗan gidan Kawu ya daina wasa, ya jingina da kujera. Ya ce, "Ba kalmar ba ce. Da ita ce da ta ce ba daidai ba. Direba ne."

Na ce, "Direban wace mota?"

Wannan karon har maigidan sai da ya murmusa. Ɗan gidan Kawu ya juyo da kujerarsa ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce a cikin akwatin kwamfutar akwai wani kati, shi ke zana duk abin da muke gani a allo. Tsakanin katin da sabon tsarin sai da tafinta, shi ake kira direba. Sabon tsarin ya ɗauko wa katin tafintan da ba ya jin yarensa. Ɗan akwatin sunan ba shi da wuyar zanawa, shi ya sa yake fitowa. Amma da an buɗe ƙofa aka ce a zana cikin gida gaba ɗaya, sai magana ta rikice, komai ya faɗi, a dawo bakin ƙofa.

"To yanzu fa?"

"Ta ƙofar baya za mu bi."

Ya kashe ta ya kunna, ya hau dukan wani maɓalli a layin sama da sauri da sauri. Rubutu fari ya fito a kan baƙi, ya zaɓi wani layi. Ya ce wannan hanyar ba ta kiran tafintan, lallaɓawa take yi da ɗan abin da ta iya. Aka buga kalmar, sai ga shi an shiga. Komai ya fito ƙato-ƙato, rubutun ya kumbura, kala ta yi wani iri. Ya shiga ɗaki na biyu yana buɗe wannan yana rufe wancan, takardun mutane ne birjik. Can ƙasa maigidan ya miƙa yatsa ya ce, "Wancan."

Hotunan suna ne. Na ce alhamdu lillahi a fili. Aka buɗe na Inna.

Da ban gani ba da ya fi mini. Tabarmar tana nan, zamanta yana nan, amma fuskar ta zama tabo-tabo, nan kore, nan shunayya, kamar atamfar da ta zuba a ruwan wanki. Ba ido, ba tsaga, dariyar ta zama wani farin gurbi. Na san ba ruwa aka zuba wa na'urar ba, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wankin ya taɓa ta."

Ɗan gidan Kawu ya rantse mini hoton lafiyarsa ƙalau. Ya ce idon na'urar ne bai buɗe ba, kala kaɗan take iya nunawa ta wannan hanyar. Na ji shi, amma ban yarda ba. Mutumin da ya ce "in dai" da rana, yaya zan riƙe rantsuwarsa da yamma?

Ya tambayi faifan da ya zo da kwamfutar. Maigidan ya ce mai gwanjon bai ba shi ko leda ba. Sai ɗan gidan Kawu ya kwance gefen akwatin kwamfutar, ya leƙa da tocila, ya karanto wasu harufa da lambobi a jikin katin, ya rubuta a tafin hannunsa da biro. Ya ce zai je kafe, shagon intanet, cikin gari ya sauko da direban da ya dace. Bayan la'asar ya dawo hannu biyu, wai layin kafen ya yanke. Washegari ya zo da wani a ɗan abin nan mai kama da yatsa da suke ɗaukar kaya a ciki. Aka sa, allon ya yi baƙi gaba ɗaya, ko ɗan akwatin sunan babu. Ya ce na ƙanin katin ya ɗauko, lamba ɗaya ta goge a hannunsa wajen alwala. Ya sake bi ta ƙofar baya ya cire shi. Maigidan ya ce, "Da ma sallah ta fi kwas ɗinka ƙarfi." Ban yi dariya ba.

Kwanakin jiran nan ba na son tuna su. Na ƙona miya. Na yi wa yarinya tsawa a kan abin da bai kai ba, na dawo na rungume ta. Abin da ya fi ci mini rai, ina tankaɗe sai na ce bari in zana fuskar Inna a zuciyata, ko da hoton ya tafi. Muryarta ta zo, tarinta na safe ya zo, yadda take kama haɓata in za ta yi mini kitso ya zo. Amma akwai wani ɗan tabo da ƙaho ya yi mata tun tana yarinya wajen tatsar akuya, na rasa a wane kunci yake. Na sa shi a dama, ya zauna. Na mai da shi hagu, nan ma ya zauna. Shekara ɗaya ba ta cika ba, har na fara rasa uwata. Na ajiye rariyar na shiga ɗaki.

Ranar da ɗan gidan Kawu ya zo na ƙarshe, bayan an tashi daga aiki ne, wuta kuma ta yi mana kirki. Wannan karon a takarda ya rubuta lambar. Ya sa direban, ya kashe, ya kunna. Ɗan akwatin ya fito. Ya ce wa maigidan, "Bisimilla, tsoho."

Ya buga. Allon ya yi ƙifcen nan, ya yi baƙi. Sai ya washe. Abubuwa suka jeru ƙanana-ƙanana, tas da su, wata 'yar ƙara ta fito daga lasifika har yarinyar ta waiwaya. Maigidan da kansa ya ja linzamin kwamfutar ya shiga ɗaki na biyu.

Ga Inna. Ta ma fi da fitowa, don ɗan gidan Kawu ya ce tsohon tsarin ma da direban aro yake tafiya. Na ga lallen da ke yatsunta a ƙarƙashin kan jaririyar. Na ga inda garwashi ya ɗan ci bakin mayafinta. Na ga jan goro a haƙoranta. Tabon a hagu yake, ƙasa da ido kaɗan. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya hawaye na zuba.

Ɗan gidan Kawu ya ce, "Matarmu, yanzu kin yarda ba a rafi na wanke ta ba?"

Na ce, "Na yarda. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mace mai haƙuri da surutu."

Maigidan bai shiga wasan ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Zuba mini shi a wannan abin naka. Tashi mu je wajen mai hoto kafin ya rufe." Ya sa hularsa a karkace suka fita. Ana kiran magariba suka dawo, ya miƙo mini ambulan. Har da ɗumi a jikin takardar. Ya ce ya sa an yanke ƙawayen nawa, an bar Inna da jikarta, kuma an yi har da na Baba da na ƙanwata.

Da muka je Miga bayan girbi na kai wa Baba nasa. Yana zaune a gindin rumbu yana gyaran igiya. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi. Sannan ya ce, "Da ta san an ɗauka, da kun sha faɗa." Ya sa shi a aljihun gaba, ya ci gaba da igiyarsa, amma na ga ya kasa samun bakin zaren.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Inna addu'a. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta.