Jimlar da na ƙi sauyawa

Da yaƙi ya koro mu daga garin Madani, na shiga ajin Turanci a garin Gadarif, ni da na daɗe ina aikin ungozoma. Wata rana ustaz, malamin ajin, ya ce kowa ya rubuta abin da yake yi kafin hijira. Na rubuta "I had been working."

Ya duba ya ce, "Hajja, 'had worked' ya fi sauƙi."

Na ce, "Ustaz, kai ka koya mana cewa wannan na aikin da aka kammala ne. Ni ban kammala ba. Ina ɗakin haihuwa aka fara harbi."

Sai ya ce in karanta wa ajin. Na miƙe na karanta da ƙarfi.