Ɓerayen Bincike da Ciwon Hantar Gidanmu

A Salaga aka haife ni, a gidan da kakanninmu suka gina tun zamanin fataucin goro. Mu dai cinikin doya da hatsi muka tarar. Cikin 'ya'yan mahaifiyarmu, Mma, mu biyu muka rayu, ni da yayana. Shi ya koma Bawku yana harkar shanu, ni kuwa karatu ya yi ta jana har na tsinci kaina a wata ƙasa mai sanyi, ina aiki a ɗakin bincike kan ciwon hanta.

Da ɓeraye nake aiki. Ƙwayar cutar da ke cin hantar mutum ba ta kama ɓera, don haka sai a sauya masa halitta tun kafin a haife shi, ya zo duniya da cutar a jikinsa. Wasu kuma hantar mutum ake tsirar musu a cikin tasu. A kansu ake gwada magani kafin a kai ga mutane. Kullum da safe nakan sa safar hannu in bi akwatunansu, in duba wanda ya rame da wanda ya ƙi cin abinci. Ɗakin ba taga. Sai in wuni ba wanda ya ce mini komai ban da gaisuwa.

Lokacin da za su ɗauke ni aiki sun gwada jinina, suka ce ina ɗauke da cutar, kuma alama tun haihuwa na same ta. Na kira yayana na ce ya je a duba shi. Ya yi dariya.

"Ƙanwata, ni da nake kayar da bijimi? Ki bar wa ɓerayenki."

Bayan wasu shekaru idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Aka yi ta jiƙa masa saiwar maganin ciwon shawara. Da aka kai shi asibiti, hantar ta riga ta gama. Ban sami jana'izarsa ba.

Da damina na samu dawowa. Na haye ruwa daga Yeji zuwa Makango, na shiga motar Salaga tare da mata masu kifi. Mma ta tsufa fiye da yadda muryarta ke nunawa a waya. Muna zaune a tsakar gida tana feren doya, na yi mata bayanin cutar a hankali, don ina so ita ma a gwada ta. Ta ajiye wuƙar.

"Kin ce tun haihuwa?"

"Haka yakan zo, Mma. Ba laifin kowa ba ne. A lokacinku babu allurar riga-kafin."

"Wato ni na ba shi."

Na yi ta magana, ban ma san abin da nake faɗa ba. Ba ta yi kuka ba. Amma daga ranar ta ware kwanonta da moɗarta, ta daina sa hannu a tuwo da kowa. Na rantse mata ba a ɗauka ta abinci. Ta ce ta ji. Da yamma sai in zauna a tabarma da nawa kwanon, ita tana bakin ƙofarta da nata, ta ɗan juya baya.

Babbar 'yar yayana tana Bawku da tsohon ciki, shi ya sa na kama hanya, don a gwada ta kafin ta haihu. Na yada zango a Yendi wurin gwaggona, ƙanwar babanmu. Da ta ji abin da zai kai ni, ta kama hannuna.

"'Yata, kada ki je ki buɗe wannan magana. In ta fita, wa zai auri ƙannenta? Ki yi ta'aziyya ki dawo."

Ba mugunta ba ce, na san abin da take tsoro. Duk tsawon hanyar ina jingine da tagar mota ina juya maganarta, ba wanda zan yi shawara da shi.

A Bawku matar yayana ta karɓe ni a ɗakinsa. Sandarsa ta zuwa kasuwar shanu tana nan a kusurwa. Na faɗa mata komai, har abin da gwaggo ta ce.

"Ni na riƙe masa kai yana aman jini," in ji ta. "Mutane su faɗi abin da za su faɗa. Gobe mu je."

Aka gwada yaran duka. Ƙananan lafiya lau, aka yi musu riga-kafi. Mai cikin ce aka samu tana ɗauke da cutar. Ma'aikaciyar jinya ta ce lallai ta je ta haihu a asibiti, don a yi wa jaririn allura ranar da ya faɗo. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Gwaggo, za ki tsaya har in sauka?" Hutuna ya ƙare, ban tsaya ba.

Ina wurin aiki, ina cin abincin rana ni kaɗai, hoton jaririn ya shigo wayata: namiji, da 'yar auduga manne a cinyarsa inda aka yi masa allurar. Na duba ɗakin, babu wanda zai gane abin da nake kallo. Sai na kira Salaga.

Mma ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "In na je, zan iya ɗaukarsa?"

"Ki ɗauke shi, Mma. Ki goya shi ma."

Ta ce to. Yaron yanzu yana rarrafe, ba ta je ba tukuna. Duk sanda na tambaya sai ta ce gwiwoyinta ne, kuma hanyar Bawku da nisa.