Kwamfuta Mai Rigar Fata

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Challawa zuwa Panshekara da yamma ya san abin da ake yi wa ma'aikatan kamfanin fata. Ba a korar su, ba a ce musu uffan, sai dai ka ga an ɗan matsa, an zuge taga. Muhyiddeen ya daɗe da daina jin zafin wannan. Yana wanka kafin ya bar kamfani, ya sake wani a gida, amma warin jima ba ya jin sabulu. Sau biyu ya nemi aure, sau biyu zancen yana mutuwa a zaure ba tare da an gaya masa dalili ba, shi kuwa ya san dalilin.

Mutumin Gumel ne, ɗan baduku. Ya shigo Kano yana saurayi, ya samu aiki a kan injin da ke kankare fata, ya kama ɗaki ɗaya a gidan wata dattijuwa, Hajjo. A nan ya wuce shekara talatin da haihuwa. Gaisuwa yana yi da kowa, amma idan ka ce ya ƙirga masu shiga ɗakinsa su zauna, yatsa ɗaya ya ishe shi.

Yatsan nan shi ne Ɗan'auta. Tare suka yi aiki a gefen inji ɗaya, har aka rage ma'aikata lokacin da rashin wuta ya fara karya kamfanoni, guguwar ta tafi da Ɗan'auta. Ya koma acaɓa, ya yi aure a Na'ibawa, ya haifi 'ya'ya. Duk da haka ran Lahadi bayan azahar sai ka ji babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gidan Hajjo. Shi wari bai dame shi ba, ya ce hancinsa ya mutu tun yana kamfani.

Kwamfutar ta zo ne a shekarar dubu biyu da bakwai. Wani injiniya baƙo da kwantiraginsa ya ƙare ya sa aka tura Muhyiddeen gidansa a Bompai don taya shi ɗaure kaya. A cikin falo mai sanyin na'ura ya tarar da mutumin yana buga ƙwallo a kwamfuta, wata baƙa mai tsayi kamar ƙaramar firiji. 'Yan wasan suna gudu sumul, ciyawar fili kamar ka sa hannu ka tsinka. Injiniyan ya ce an haɗa ta ne musamman don wasa, irinta ba su da yawa a garin. Abin da ya faɗo wa Muhyiddeen a rai shi ne Ɗan'auta, wanda in dai ƙwallo ce zai iya mantawa da abinci. Muhyiddeen ya sayar da nasa babur ɗin ya saye ta, ya koma bin bas ana zuge masa taga.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidansu duk abin da ake ƙauna sai an yi masa sutura ta fata: wuƙa da kubenta, Alƙur'ani da gafakarsa, rediyon mahaifinsa ma har tsohon ya rasu yana cikin rigarsa ta fata. To, ina ga abin da aka sayar da babur dominsa? Muhyiddeen ya zaɓi jemammiyar fatar akuya, ja mai laushi, ya gwada, ya yanka, ya ɗinke ta cif a jikin kwamfutar, gaba da baya da gefe. Ƙofofin wayoyi da maɓallin kunnawa kaɗai ya bari. Ya yi mata zayyana, ya saka tuntaye a kusurwa. Hajjo da ta leƙo ta gani ta riƙe baki ta ce, "Ɗan nan, wannan ai amarya ce ka yi wa lefe."

Amarya kuwa ta nuna hali. Lahadin farko suka zauna a tabarma, kowa da abin bugawa a hannu, wasa ya fara lafiya lau. Kafin a je hutun rabin lokaci sai 'yan wasa suka fara tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Ka danna, sai an yi numfashi kafin ɗan wasanka ya motsa. Ƙwallo ta tsaya a sama, ta ɓace, ta bayyana a raga. Can sai hoton ya daskare gaba ɗaya. Sun lura in an kashe ta an bar ta ta huta, takan dawo hayyacinta na ɗan lokaci, don haka Muhyiddeen yakan ɗora shayi a risho kafin ta farfaɗo. Ɗan'auta ya miƙe ƙafa, ya ba da labarin fasinjoji, da rigimar 'yan kamasho, da haƙorin da 'yarsa ta fara. Sai a sake kunnawa, ta sake sarƙewa, a sake zuba shayi. Haka suke yi har a kira magariba.

Amma Ɗan'auta mai mita ne. "Mutumina, wannan abar taka tana cin lokacina," in ji shi. "Ni fa kowane zama a nan fasinja nake bari a titi. Wasa ɗaya ba ma gamawa. In ba za ta gyaru ba, gara in riƙa zuwa shagon gem na unguwarmu."

Da wasa ya faɗa, yana kurɓar shayi. Muhyiddeen dai bai ji ta da wasa ba. Maganar ta tsaya masa a rai har tsawon mako, yana gaban inji yana juya ta. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron ranar Lahadin da ba za a ji babur a ƙofar gida ba.

Ya nemi izini a wurin aiki ya ɗauke ta zuwa titin Beirut, shagon wani mai gyara da ake kira Lawan. Kafin ya fita sai da ya tuɓe mata rigar ya ninke ya ajiye a kan katifa, don kada ta goge a bas. Lawan ya kunna, ya saka wasan, ya buga har ya gaji, kwamfuta ko tari ba ta yi ba.

"Malam, wannan ai doki ce," in ji Lawan. "Ba abin da ke damunta. Wutar unguwarku ce ba ta da ƙarfi."

Muhyiddeen ya sayi sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Ya koma gida, ya mayar wa amarya rigarta, Lahadi ta zo, ta sarƙe. Ya aro ɗan ƙaramin janareta, ta sarƙe. Ya koma wurin Lawan, aka ce ƙila bairos ne, wato cutar kwamfuta, aka goge komai aka sake zubawa. Aka rage kyan hoton har ciyawar fili ta koma kamar koren fenti. Aka zare katin da ke sarrafa hoto a cikinta aka goge aka mayar, aka canza wayar allo. A shago doki, a gida jaki. Duk tafiya sai ya tuɓe rigar, duk dawowa sai ya mayar, bai taɓa kawo ta cikin zancen ba, don wa zai je asibiti ya ce a duba hularsa? An bar jaki ana ta dukan taiki. Hajjo ma ta kawo tata gudummawar, ta ce baki ne, ta miƙo masa turaren hayaƙi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara girma, na gode muku," kuma kada in ɓoye, ya turara.

Bazara ta shigo, kwanon ɗakin ya zama tanda, abin ya ƙara lalacewa. Yanzu ko minti goman kirki ba a yi. Lahadi ɗaya Ɗan'auta bai zo ba, ya ce yarinya ce ba lafiya. Muhyiddeen ya wuni zaune da kofuna biyu a gabansa, yana jin yaran maƙwabta suna wasa a waje. Washegari ya je ya roƙi Lawan ya zo ya ga abin da idonsa.

Lawan ya zo ran Asabar da yamma. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga, sai ya tsaya cak.

"Malam, mene ne wannan?"

"Rigarta ce. Ni na ɗinka."

Lawan ya dafa fatar, ya janye hannu da sauri. Ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa, har sai da ya zauna a bakin katifa. "Wallahi aikin ya yi kyau," ya ce yana share hawaye. "Amma kai in aka ɗinke ka cikin fata da bazarar nan aka ce ka yi gudu, za ka iya? Waɗannan ƙananan ramukan da ka rufe, ta nan take shan iska. Fankokinta suna juyawa, ba inda zafin zai fita. Da ta ji za ta ƙone sai ta rage gudu don ta tsira da ranta. Ka gode Allah mai haƙuri ce."

Suka tuɓe ta, suka janye ta daga jikin bango, Lawan ya mayar da hoton yadda yake tun farko. Aka buga wasa har uku, sumul. Kunya ta rufe Muhyiddeen, amma murna ta fi kunyar yawa. Tun Lawan bai kai titi ba Muhyiddeen ya kira Ɗan'auta ya gaya masa komai, har da maganar rigar. Ɗan'auta ya yi dariya har katin wayar ya ƙare.

Ran Lahadi ya zo da wuri. Suka zauna, aka fara. Ƙwallo tana tafiya kamar ruwa, ba tsayawa, ba jira. Idanunsu a kan allo, ba mai cewa komai sai "kai!" da "gol!". Wasa ya ƙare suka shiga wani, ya ƙare suka shiga wani. Kafin la'asar Ɗan'auta ya ajiye abin bugawa, ya yi miƙa ya ce, "Yau dai na more. Ka ga yanzu sai in zo in yi wasana in koma aiki a kan lokaci." Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Muhyiddeen ya raka shi ƙofar gida ya dawo. Risho yana gefe ko kunna shi ba a yi ba. Bai ji yadda yarinya ta kwana da jiki ba, bai faɗi cewa ana raɗe-raɗin sake rage ma'aikata a kamfani ba, maganar da ya yi mako yana ajiye wa wannan rana. Rana tana sama tukuna, ɗakin shiru sai ƙarar fankokin kwamfuta suna shan iskarsu. Ya zauna a tabarma, kaɗaici ya danne shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da ba a zo ba. Lahadi ta gaba haka aka yi, ta bayanta ma haka.

A ta huɗu Ɗan'auta ya yi sallama ya shigo yana kaɗa makulli, sai ya tsaya. Kwamfuta tana jingine da bango cikin jar rigarta, an ɗaure kowane maɗauri, tuntaye suna reto. Muhyiddeen yana durƙushe yana gyara wayoyi, ya ƙi ɗago kai.

"Muhyi," in ji Ɗan'auta a hankali, "za ka ƙona ta fa."

"Na sani."

Ɗan'auta ya daɗe a tsaye. Ya dubi kwamfutar, ya dubi ƙeyar abokinsa. A waje wani yana ta kiran mai babur ɗin da ke ƙofar gida, ko zai kai shi Kumbotso. Ɗan'auta ya jefa makullin cikin aljihu, ya cire hula, ya zauna ya miƙe ƙafa a tabarma.

"To, bar kunna ta tukuna," ya ce. "Ɗora shayin."