Maginin da Ya Ɗaga Unguwa

Shekara talatin da huɗu yana gini, ba a taɓa kama shi da karkatacciyar katanga ba. Baba Ma'auni ake ce masa, domin ko tabarma zai shimfiɗa sai ya ja da baya ya kanne ido ɗaya ya duba ta.

Lokacin da ya gina gidansa, ɗaki biyu da tsakar gida, akwai kududdufi a ƙarshen layin. Ruwan sama ya san hanyarsa: ya gangaro, ya gaida kowa a ƙofa, ya wuce can ya kwanta. Daga baya masu hangen nesa suka gano cewa kududdufi asarar fili ne. Aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka yanka fuloti shida. Baba Ma'auni ne ya gina huɗu, kuma ginin ya yi kyau.

Da damina ta zagayo, ruwa ya zo bai tarar da masaukinsa ba, sai ya sauka gidan tela. Tela ya kira Baba ya ɗaga masa dokin ƙofa bulo biyu, ya cike tsakar gida. Ruwan ya koma gidan direba. Direba ya ce a yi masa uku. Mai kantin magani, da yake ya yi karatu, ya nemi huɗu har da matakala. Ba taro aka yi ba, ba rigima; kowa dai ya leƙa na maƙwabcinsa ya ƙara ɗaya. Cikin shekara tara, gida ɗaya ne ya rage a inda Allah ya ajiye ƙasa.

Ba bulo Baba ya rasa ba. Gwiwoyin matarsa ne suka gaza. Da sanda take jan ƙafa daga ɗaki zuwa ƙofar gida, inda take zama kullum da yamma tana amsa gaisuwa, tana ba masu wucewa shawarar da ba su nema ba. Wannan zaman shi ne kasuwarta, shi ne zumuncinta.

"Bari in ɗaga ko bulo biyu ne," ya ce mata.

"Ɗaga mana, Malam. Sai ka haɗa mini da fiffike."

"Ruwa fa ba ya jin wasa."

"Gwiwata ma ba ta ji. Kai da kake ta ɗaga na mutane, ka taɓa tambayar ina ruwan zai je?"

Ya san amsa. Ya taɓa jan igiya daga ƙofar direba zuwa tasa, ya ga tazarar, ya naɗe igiyar ya sa aljihu. Abin da ya iya yi shi ne jera buhunan yashi a ƙofa, a miƙe sarai, ya bar 'yar kafa a tsakiya daidai wucewar mace da sandarta.

Ta wannan kafar ruwan ya shiga, ranar da sama ta kwana uku tana zuba. Kafin azahar ya kai ƙugu. Baba ya goya matarsa, ya ratsa layi da ita, ya sauke ta a matakalar mai kantin magani. Suna nan zaune katangar ɗakinsu ta durƙusa, rufin ya bi ta.

Mai kantin magani ya fito musu da bargo. "Sannu, Baba. Amma gaskiya hannunka da albarka. Ko ɗigo bai shigo mana ba."

"Madalla," in ji Baba.

Ma'aikatan gwamnati sun zo da takalman roba, suka rubuta cewa ruwan bana ya fi na bara yawa. Ba su yi ƙarya ba.

'Yarsu ce ta ɗauke su zuwa inda take haya, a bene, hawa na biyu. Matakala ashirin da shida, Baba ya ƙirga. Maza biyu suka hau da tsohuwar a kan kujera. Yau wata bakwai ba ta sauko ba, kuma kowa ya yarda cewa ruwa ba zai sake samunta ba.

Da yamma yakan ja mata kujera bakin taga, ta yi ta kallon kawunan mutanen da ba sa ɗago kai.

"Malam, wa ya gina matakalar nan?"

"Ban san shi ba."

"Ta miƙe dai?"

Ya leƙa, ya kanne ido ɗaya.

"Ta miƙe," ya ce.