Mai Shafe Yashi a Hausari

Khairat tana zaune a benci a wani ɗan ofis a unguwar Hausari, tana jiran layi ya zo kanta. Ta gefen labule take hango Malam Umara, siririn mutum mai farin gilashi da koɗaɗɗiyar hula. A bango ga takardar shaidarsa ta ba masu ciwon damuwa shawara, a gabansa kuma ga faifan yashi na duba taurari.

Wata dattijuwa daga ƙauyen Dusuman tana gaya masa barci ya ƙaurace mata tun da ɗanta ya tafi gona bai dawo ba.

"Ja numfashi a hankali, Ya Falmata," in ji shi. "Kina cin abinci kuwa? Da wa kike hira a gida?"

Muryarsa irin ta wanda shi ma ya taɓa zaman jiran wani ce. Ya tambayi sunan yaron, yana zana yashin da yatsa. Sai yatsan ya tsaya cak. Ya sa tafin hannu ya shafe zanen da sauri.

"Me ka gani, Malam?"

"Ki dawo jibi. Amma kada ki zo ke kaɗai."

Ya ɗago kai, ya yafito Khairat. Ita ma sunan mijinta da ya ɓace ta zo da shi.