Bishiyar Tsvetana Ta Ƙi Yin Reshe

Tsvetana 'yar Bai Nedko ce, wani tsoho mai kiwon zuma a ƙauyenmu da ke bayan Troyan. Ta karanta ƙididdiga a Sofiya, da mahaifiyarta ta rasu sai ta dawo gida, ƙungiyar masu zuma ta ba ta tebur kusa da nawa. Kafiya gare ta, in ta sa abu a gaba ko banitsa, burodin cukun da take zuwa da shi, sai ya sandare a takarda.

Ƙudan zuma sun yi ta mutuwa duk lokacin sanyi. Ta ce sai ta gano dalili kafin abin ya kai ga amyoyin mahaifinta, don su kaɗai suka rage masa. Ta bi gida-gida tana tambayar magani da wurin ajiya da asarar kowa. Ta zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga don ta zana mata bishiya, zanen nan mai rabuwa reshe-reshe har ya nuna inda mutuwa ta fi yawa.

Manhaja ta ce atafau. Kullum jan rubutu iri ɗaya: babu bishiya, saiwa ce kawai. Ta faɗaɗa allon zane, ta sassauta sharaɗin rabuwa, ta goge manhajar ta sake ɗorawa. Shiru kake ji.

Ran nan ta tsura wa amsoshin ido, sai ta daki tebur.

"Kai Zahari, zo ka ga ikon Allah! Kowa ya ce nasa lafiya lau. Yaya za ta raba rayayyu da matattu alhali ba a ba ta matacce ko ɗaya ba?"

Na ce, "Sofiya ta mantar da ke. Mai zuman garin nan gara ya ce matarsa ta gudu da ya ce amyarsa ta mutu."

Ta ɗauki gwangwanin hayaƙi, ta ce da idonta za ta duba, kuma daga gida za ta fara. Na bi ta.

Da muka isa ta ce, "Baba, naka fa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Je ki duba na maƙwabcinmu Ganyo, wannan malalacin."

Ta nufi amyoyinsa, ta ɗaga murfin farko, babu motsi. Na biyu ma haka, har ƙarshen layi. Dukansu sun sha sabon fenti shuɗi, launin da mahaifiyarta ke shafa musu. Tausayin tsohon ya kama ni, na kau da kai.

Bai Nedko ya cire hularsa, ya daɗe yana murza ta.

Ya ce, "To, rubuta. Ki sa sunana a farko, sauran za su biyo."