Baƙon da Ya Hau Turmi

A kasuwar Tamaske, Maiguwa masassaƙi yana kallon baƙon da ya sayi turminsa, ransa yana ƙuna. Ƙato ne mai matsattsen wando, ya ɗaure tsummoki a gwiwoyi, ga allo mai tayoyi, irin wanda ake hawa a yi gudu, rataye a bayansa. Daga gani ɗan cirani ne, Abijan ta koya masa wasa, ta raba shi da kunya.

Ya kwantar da turmin, ya gitta katako a kai, ya hau yana rangaji. Wai gwaji yake, kada allon ya karya shi.

A shekara irin ta bana, da mata ke roƙon Allah abin dakawa!

Maiguwa ya daka tsawa: "Sabka, samari! Abin da ya ciyar da kai, shi kaka takawa?"